Bitar manhajar Splitwise ga wanda neman rance a wurin 'yan'uwa yake yi wa nauyi

Splitwise manhaja ce ta lissafin kuɗi tsakanin mutanen da suka san juna, ana sauke ta a wayoyin Android da iPhone, kuma ana iya buɗe ta a kwamfuta ta shafinta na intanet. An kafa ta a shekarar 2011, kamfanin da ke da ita yana birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka, kuma waɗanda aka fara yin ta dominsu su ne abokan zama masu raba kuɗin haya, sai abokan tafiya masu haɗa kuɗin masauki da na mota. Aikinta guda ɗaya ne, wato a rubuta wanda ya biya, da nawa ya biya, da wanda ake bi, sannan ta riƙe lissafin har ranar da aka warware. Abin da zan auna ta da shi a wannan bita wani aiki ne dabam, wanda ba shi masu ita suka fi tallatawa ba: rancen da mutum ke karɓa daga hannun ɗan'uwansa bayan ya daɗe yana ɓoye matsin da yake ciki. Na yi amfani da ita ina wanda ake bi, daga baya kuma ina mai bi, don haka na gan ta ta ɓangarorin biyu. Ra'ayina shi ne manhajar ba za ta buɗe wa kowa baki ya nemi taimako ba, amma tana rage ɗaya daga cikin manyan fargabar da ke rufe bakin, kuma wannan kaɗai ya isa a ba ta lokaci a duba ta da kyau.

Kafin a gane amfaninta sai an fara duba abin da ke hana mutum magana. Yawanci akan tattara shi duka a kira shi girman kai, kuma lallai akwai girman kan a ciki, sai dai idan aka warware shi za a tarar da tsoro iri-iri a ƙunshe. Akwai tsoron gori, cewa wata rana cikin ɓacin rai, wataƙila a gaban jama'a, za a ce da ba don ni ba da yanzu wani labarin ake yi. Akwai tsoron yaɗuwar magana, domin abin da aka faɗa wa mutum ɗaya a dangi ba kasafai yake tsayawa a wurinsa ba. Akwai nauyin matsayi, musamman ga babban wa ko babbar ya da ƙanne suka saba kawo wa kuka, wadda yau ita ce za ta nemi agajin wanda ta goya da bayanta. Sannan akwai wani tsoro da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran tasiri, shi ne cewa taimakon da ba a yi wa iyaka ba, ba a san ranar da za a gama biyansa ba. Idan ɗan'uwa ya miƙo kuɗi ya ce kada ka damu, sai mutum ya kwana bai san ko kyauta ce ko rance ba, bai san ko ana jira ko an manta ba, kuma duk ranar da ya ɗinka sabon kaya sai zuciyarsa ta raya masa cewa ana kallonsa ana lissafi. Wannan rashin tabbas ne ke sa mutane da yawa su gwammace bashin baƙo mai kuɗin ruwa, domin shi baƙo ya faɗi adadi, ya faɗi rana, kuma da zarar an biya shi an rabu ke nan.

Wannan zaɓi yana da tsada ƙwarai. Bashin da ake ɗora wa ruwan kashi 10 cikin ɗari duk wata, idan ruwan yana hawa kan uwar kuɗin, yakan haura ninki uku cikin watanni 12. Wanda ya guje wa kunyar zama ɗaya a gaban yayansa sau da yawa yakan dawo gaban yayan nan dai daga baya, da bashin da ya kumbura, da masu bi a ƙofar gida, kuma a lokacin ba shi ne zai zaɓi yadda labarin zai isa kunnen dangi ba. Kamun kai hali ne abin yabo, kuma ba na goyon bayan mutum ya mayar da 'yan'uwansa wurin ɗiban kuɗi duk lokacin da ya ga dama. Amma idan shirun ya kai ga an kori yara daga makaranta, ko an fasa sayen magani, ko an sayar da abin sana'a, to waɗanda ke biyan kuɗin shirun ba su ne suka zaɓe shi ba.

Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa mai nema yakan yi wa kansa mummunan hasashe. A shekarar 2008 Francis Flynn da Vanessa Lake, wadda yanzu aka fi sani da Vanessa Bohns, sun wallafa jerin gwaje-gwajen da suka nuna cewa mutane kan raina yiwuwar a amsa musu buƙatar da suka nema kai tsaye, wani lokaci har da kusan rabi. A 2022 kuma Xuan Zhao da Nicholas Epley suka nuna cewa masu nema ba sa hango irin daɗin da mai taimako ke ji, sannan suna zuzuta takurar da suke zaton sun jawo masa. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje a kan ƙananan alfarma aka yi su, kamar aron waya ko ɗaukar hoto, kuma kuɗi mai nauyi wani abu ne dabam. Rahoton Global Findex na Bankin Duniya na 2021 ya kawo ɓangarorin biyu tare: kimanin kashi 30 cikin ɗari na manya a ƙasashe masu tasowa sun ce dangi da abokai ne wurin farko da za su nufa idan buƙatar gaggawa ta taso, amma kusan rabinsu sun ce samun kuɗin zai yi wuya ƙwarai. Abin da na ɗauka daga nan shi ne neman taimakon dangi abu ne da miliyoyin mutane ke yi, ba tabon mutum ɗaya ba ne, kuma shi wanda ake nema a wurinsa ma yana iya kasancewa cikin nasa matsin. Duka biyun dalilai ne na a yi maganar a fili, da adadi da wa'adi.

A nan ne Splitwise ke shigowa. Rajista ba ta da wahala, da imel ake buɗe asusu, sannan a ƙara ɗan'uwan ta imel ɗinsa ko lambar wayarsa, shi kuma ya samu gayyata. Domin rubuta rance, sai a shigar da adadin, a nuna cewa wane ne ya biya, a zaɓi cewa ɗayan ne ake bi kuɗin gaba ɗaya maimakon a raba biyu. Akwai wurin rubuta bayani, akwai wurin liƙa hoton rasit ko shaidar tura kuɗi, kuma kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya yin tsokaci a ƙarƙashin abin da aka shigar. Daga nan kowa yana ganin lamba ɗaya ta adadin bashin a wayarsa, mai bi yana ganin ta da kore, wanda ake bi yana ganin ta da ruwan lemo mai ja-ja. Manhajar tana karɓar kuɗaɗen ƙasashe fiye da ɗari, wanda ke da amfani idan ɗan'uwan yana zaune a wata ƙasa. Ba ta lissafa kuɗin ruwa, kuma ga rancen dangi wannan daidai ne.

Abin da na fi so game da ita shi ne tana ba wanda ake bi damar zama shi ne mai riƙe da littafin. Wannan ƙaramin abu ne a allon waya amma babba ne a zuciya. Idan mai bi ne ya ce a rubuta, maganar takan zo da ɗaci, kamar yana cewa bai yarda da ƙaninsa ba, shi ya sa masu bayarwa da yawa suke jin nauyin faɗa, su yi shiru alhali suna so. Idan kuwa wanda ya karɓa ne ya ɗauki waya a nan take ya shigar da adadin da hannunsa, ya rubuta ranar da ya yi alkawari, to ya faɗa wa ɗan'uwansa abubuwa da dama ba tare da dogon bayani ba: cewa ya ɗauki wannan a matsayin rance, cewa ba zai jira a tuna masa ba, kuma ba ya neman a tausaya masa fiye da kima. Mutumin da ya shiga zauren ɗan'uwansa yana jin kansa mabaraci yakan fito yana jin kansa wanda ya ƙulla yarjejeniya. A nan ne nake ganin mutuncin da yake tsoron rasawa yake dawo masa, kuma ta hanyar da ba ta cutar da kowa.

Wannan tsari ba sabo ba ne ga mai karanta Alƙur'ani. Aya ta 282 a suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikinsa, ta yi umarni da a rubuta bashin da aka ƙulla zuwa wa'adi ambatacce, ta hana a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba, kuma ta ce wanda haƙƙin ke kansa shi ne zai yi shibta. Manhajar ba da wannan niyya aka ƙera ta ba, amma wanda ke jin cewa rubuta bashi tsakanin 'yan uwa ɗaya rashin yarda ne yana da amsa a nan da ta fi ƙarfin duk wata hujja da zan kawo.

Akwai kuma dalili na zahiri da ke sa rubutun ya zama dole, shi ne tunanin mutane biyu ba ya tafiya daidai a kan bashi ɗaya. A 2012 Linda Dezső da George Loewenstein sun wallafa binciken da suka yi a kan rance tsakanin dangi da abokai, inda suka gano cewa masu karɓa sukan tuna lamarin ta fuskar da ta fi yi musu daɗi. Sun fi zaton cewa mai bayarwa ne ya fara yin tayin, sun fi ganin cewa sun biya kaso mai yawa, kuma idan bashin ya daɗe sukan fara ɗaukarsa kamar kyauta. Masu bayarwa kuwa, idan wa'adi ya wuce babu labari, sukan ji yardarsu ta ragu, su ga kamar ana guje musu, alhali mai karɓar bai ma san an kai nan ba. Babu buƙatar ɗaya daga cikinsu ya kasance maƙaryaci kafin zumunci ya lalace, mantuwa da son kai na ɗabi'a sun wadatar. Lamba ɗaya da mutum biyu ke gani a lokaci ɗaya tana toshe wannan ƙofa. Ba a isa a yi gardama ko an biya kaso na uku ba, domin yana nan da kwanan watansa.

Biyan kaɗan-kaɗan shi ne wurin da manhajar ta fi nuna ƙwarewa. Duk lokacin da wanda ake bi ya ba da wani abu, hannu da hannu ko ta banki, sai ya shigar da shi a matsayin biya, komai ƙanƙantarsa, lambar ta ragu, ɗan'uwan kuma ya samu sanarwa. A yawancin ƙasashe manhajar ba ta tura kuɗin da kanta, rubutawa kawai take yi, kodayake a Amurka tana haɗuwa da manhajojin tura kuɗi na PayPal da Venmo. Ban ga wannan a matsayin naƙasu ba, domin kowa yana da hanyar tura kuɗi da ya saba. Abin da ke da muhimmanci shi ne mutumin da ba zai iya biya a dunƙule ba ya daina jin kunyar kawo ɗan abin da ya samu. Ba tare da rubutu ba, ƙaramin biya yakan zama abin jin nauyi, mutum ya ce bari in tara ya yi kauri tukuna, tarin kuma ba ya yiwuwa, sai shiru ya yi tsawo, sai a fara kauce wa taron dangi. Da rubutu kuwa, ƙananan biyan nan suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin da kansa shaida ce ta cewa mutum yana kan alkawarinsa ko da bai kai rabin hanya ba.

Akwai maɓallin tunatarwa da mai bi zai iya dannawa a aika wa ɗayan saƙo. Ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan da shi. Tsakanin abokan tafiya da suka raba kuɗin mota ba shi da laifi, amma saƙon na'ura da ya faɗo wayar ƙanwar da ta riga ta sha wahala kafin ta iya buɗe baki yana iya yi mata zafi fiye da kiran waya. Idan an ga jinkiri, gara a kira a tambayi lafiya da yadda al'amura ke tafiya. Aya ta 280 a suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma manhaja ba ta da hanyar sanin wanda ke cikin ƙunci da wanda ke taurin bashi.

Naƙasunta mafi girma ga wannan aiki shi ne ba ta da wurin sa wa'adi ko jadawalin biya. Tana faɗin nawa ake bi, ba ta faɗin yaushe za a biya, alhali rabin natsuwar rancen dangi a kan yaushe ɗin take. Abin da za a iya yi shi ne a rubuta alkawarin a wurin bayani, misali kaza duk ƙarshen wata daga wata kaza, sannan wanda ake bi ya sa wa kansa tunatarwa a kalandar wayarsa. Yana aiki, amma dabara ce ta mai amfani, kuma manhajar da ta kai wannan shekaru ya kamata a ce ta tanadi wannan da kanta.

Sai batun rufin asiri, wanda ga mai jin nauyin neman taimako ya fi komai. Splitwise tana ba da damar buɗe rukuni, kuma abin da aka shigar a rukuni kowa da ke cikinsa yana gani. Ga 'yan'uwan da ke haɗa kuɗin asibitin mahaifiyarsu wannan alheri ne, domin kowa ya san wanda ya ba da me. Ga rancen sirri kuwa kuskure ne babba a sa shi a rukunin dangi. A shigar da shi tsakanin mutum biyu kawai, a wajen kowane rukuni, inda su kaɗai ke gani. Haka kuma akwai wani tsari na sauƙaƙa basussuka a cikin rukuni, wanda kamfanin ke alfahari da shi: idan na farko yana bin na biyu, na biyu kuma yana bin na uku daidai wannan adadi, sai manhajar ta ce na uku ya biya na farko kai tsaye. Ta fuskar lissafi babu wanda ya yi asarar komai, kuma an rage yawan tura kuɗi. Ta fuskar zumunci kuwa akwai matsala, domin mutum ya zauna ya yi dogon tunani kafin ya zaɓi wanda zai buɗe wa cikinsa, ya zaɓi mai riƙe sirri da sauƙin hali, ba zai so ya buɗe waya ya ga sunansa a ƙarƙashin wanda ya guje wa da gangan ba. Ana iya kashe wannan tsari a saitin rukunin, kuma duk dangin da za su haɗa rance da kuɗin hidima a wuri ɗaya su kashe shi tun ranar farko.

Wani abin lura shi ne duk wanda abin da aka shigar ya shafa yana iya gyara shi ko goge shi. Manhajar tana ajiye tarihin abin da aka yi, tana sanar da ɗayan, kuma ana iya dawo da abin da aka goge, saboda haka ba a iya yin maguɗi a ɓoye. Duk da haka wannan yana nuna irin abin da take: littafin tunawa ne na mutanen da suka yarda da juna, ba takardar yarjejeniya mai sa hannu da shaidu ba. Idan kuɗin yana da yawa, irin wanda idan ɗaya ya rasu magada za su tambaya, to a yi takarda, a kira shaidu, a bar manhajar ta riƙe lissafin biyan yau da kullum. Yana da kyau kuma lokaci-lokaci a fitar da lissafin a ajiye kwafinsa, domin tana ba da damar yin haka, kuma asusun da ke bayan kalmar sirri ba lallai ne iyali su iya buɗe shi ba idan mai shi ba ya nan.

Game da kuɗin amfani, ana iya yin duk abin da na ambata kyauta. Sigar kyautar tana ɗauke da talla, kuma an taƙaita yawan abin da za a iya shigarwa a rana ɗaya. Sigar biya, Splitwise Pro, tana ƙara abubuwa irin su karanta rasit ta kyamara, da canjin kuɗin wata ƙasa zuwa wata, da zane-zanen yadda aka kashe kuɗi. Wanda rance ɗaya yake bibiya ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki, kuma ba zan so mai neman yadda zai fita daga bashi ya ƙara wa kansa wani biyan ba. Babu Hausa a cikin harsunan da take amfani da su, don haka wanda bai saba da Turanci ba zai buƙaci a nuna masa sau ɗaya, kodayake bayanin da mutum zai rubuta da kansa yana iya rubuta shi da harshen da ya ga dama.

Akwai abu ɗaya da rashinsa ya fi taɓa ni, shi ne babu maɓallin yafe bashi. Rancen dangi sau da yawa ba da biyan ƙarshe yake ƙarewa ba, yakan ƙare ne da mai bi ya ce bar sauran, na yafe. A manhajar hanya biyu ce kawai, ko a goge abin da aka shigar kamar ba a taɓa yi ba, ko a rubuta cewa an biya alhali ba a biya ba. Na farko yana shafe alherin, na biyu kuma ba gaskiya ba ne. Mafi dacewa shi ne mai bi ya shigar da ragowar a matsayin biya, ya rubuta a wurin bayani cewa yafewa ce, da kwanan wata, domin kada wani ya taso da maganar daga baya. Ya kamata kuma wanda aka yafe wa ya karɓa da godiya, kada ya dage sai ya biya don kawai kada a ce an yi masa alheri, domin wannan dagewar ita ma daga tushen da ya hana shi magana tun farko take fitowa. Lambar da ta koma sifili ta sauke bashin kuɗi, amma ba ta hana mutum tuna wanda ya tsaya masa ba, kuma ba ta ce ya daina ziyara ba.

Duk abin da na lissafa yana zuwa ne bayan an yi magana, kuma maganar babu manhajar da za ta yi wa mutum ita. Kada a aika gayyatar Splitwise kafin a zauna, domin ɗan'uwan da ya ga saƙon lissafin bashi kafin ya ji muryar ƙaninsa zai ji an mayar da shi banki. A fara zaɓen mutum ɗaya, a nemi ganinsa shi kaɗai, a zo da adadi tsayayye da dalili na gaskiya. Abin da na ga yana aiki gajere ne, kusan kamar haka: “Yaya, na shiga matsi, kuma na ga ya fi dacewa ka ji daga bakina. Ina neman rancen kaza, zan iya biyan kaza duk ƙarshen wata, kuma ni zan riƙa rubutawa don kada a manta. Idan babu hali yanzu ba komai, ba zan ƙullace ka ba.” Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin tana ba shi ƙofar cewa a'a ba tare da zumunci ya girgiza ba, kuma mai nema ya faɗe ta ne idan har da gaske yake. Kada a rage adadin don jin kunya sannan a dawo bayan mako biyu neman ciko, kada kuma a ɓoye sauran basussukan da ake bi, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan'uwan da ya ba da kuɗinsa bisa rabin labari, ranar da ya ji sauran zai ji an yaudare shi ko da an biya shi daidai. Idan kuma mai bayarwar yana da iyali, a bar masa lokaci ya yi shawara da su, domin kuɗin da zai fitar ba nasa shi kaɗai ya shafa ba.

Ina ganin manhajar ta dace da 'yan'uwa tsararraki ko masu kusancin shekaru, waɗanda duk suka saba da waya, musamman idan nisa ya raba su kuma biyan zai ɗauki watanni. Ta dace kuma da wanda ya san halinsa, cewa idan bai ga lamba a gabansa ba zai riƙa ɗagawa. Ba ta dace da dangantakar da yarda ta riga ta mutu a cikinta ba, domin a can takarda da shaidu ake buƙata. Ba zan kuma aika wa mahaifi ko mahaifiya gayyatarta ba, ko kawu da goggo da suka manyanta, domin da yawa daga cikinsu za su ji ciwon a ce ɗansu ya sa sunansu a allo da lamba a gefe. A irin wannan hali ɗa ya riƙe lissafin shi kaɗai a littafinsa, ya sanar da mutum ɗaya amintacce inda littafin yake, ya riƙa kai biyan da ƙafarsa, kuma duk lokacin da ya kai ya faɗi da bakinsa abin da ya rage.